Lambobin da Ba Su Rabuwa, Tsakanin Aji da Zaure

Duk wanda ya yi firamare a Sakkwato tsakanin zamanin Gowon da na Shagari ya san bangon bayan littafin rubutu. Jadawalin sau ne a jere, daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu, 144, ƙarƙashinsa kuma ga su inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya. Da shi ake buɗe safiya, aji duka a tsaye ana rerawa har a jiyo daga bakin titi. In an gama sai lissafin ka: malam yana zagaye tsakanin bencina da tsumagiya, ya nuna ka ya ce bakwai sau takwas, ka yi inda-inda ka miƙa tafin hannu. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa jadawalin ya wuce 10 ya je ya tsaya a 12.

Dalilin yana aljihun iyayenmu. Kafin ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta shigo, sule kwabo 12 ne, fam kuma sule 20, wato kwabo 240. Waɗanda suka yi Midil ta Sakkwato, inda Sardauna ya koyar bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931, Shehu Shagari ma ya riƙe alli daga baya, lissafinsu na kuɗi gida uku gare shi: gidan fam, gidan sule, gidan kwabo. Da wahalar rubutawa, amma da daɗin rabo. Sule ɗaya ka raba wa mutum biyu sisi-sisi, mutum huɗu taro-taro, mutum uku kwabo hurhuɗu, mutum shida kwabo bibbiyu, ba ragowa ba gardama. Tsohuwa mai daddawa a Tsohuwar Kasuwa ta san wannan ba tare da ta taɓa zama kan benci ba. Da aka canja kuɗi sule ya koma kwabo 10, sai ya zama biyu da biyar kaɗai ke raba shi. A ba yara uku sule a ce su raba, kowa ya ɗauki uku-uku, kwabon da ya rage a yi dambe a kansa.

Bambancin kuwa a cikin hanjin lambobin yake. Sha biyu 2 × 2 × 3 ce, goma kuma 2 × 5. Wadda ke da uku a cikinta za ta rabu uku, wadda ba ta da shi ko za a kwana ana yi ba za ta rabu ba. Wannan shi ne darasin da aka zo ana koya mana a aji biyar ko shida, aka maimaita a shekarar farko ta sakandare, da sunan firam namba: lambar da ba mai raba ta daidai sai ita kanta da ɗaya, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Sai dai ba wanda ya ambaci sule a ajin.

Yadda aka koyar da mu shi ne tsani. Malam ya ja layi tsaye a allo, ya rubuta 360 a dama, ya sa 2 a hagu. Biyu cikin 360, 180. Biyu kuma, 90. Biyu kuma, 45. Biyu ta gaza, a kira uku: 15, sannan 5. Biyar ta shiga sau ɗaya, an iso ƙasan tsani. A kwashe na hagun a jera su: 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Mun so wannan aiki, don maki ne na banza ga duk wanda ya haddace jadawali. Daga nan a wuce LCM da HCF, wato ƙaramar lambar da lambobi biyu za su shiga cikinta daidai, da babbar lambar da za ta raba su duka. A ba ka 12 da 18, ka sauko da kowace a tsaninta, ka fitar da 36 da 6. Rabin aji kan musanya su ranar jarrabawa. In ka tambayi amfaninsu a ce maka tara ɓangarori, sulusi da rubu'i, da kuma jarrabawar shiga sakandare. Iyakar bayanin ke nan.

Ban ga laifin malaman ba sosai. Shirin UPE na 1976 ya kwararo yara cikin azuzuwa fiye da yadda aka shirya, aka yi ta yaye malamai da gaggawa, wasunsu ba su girme wa manyan ɗaliban aji bakwai da yawa ba. A sakandare kuwa lissafi yakan faɗa hannun Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Ghana da masu bautar ƙasa, mutanen kirki da yawansu, amma ba su da Hausar da za su sauko da magana ƙasa, mu kuma Turancinmu bai kai ya hau ya tarye su ba. Ita kanta manhajar ba ta zauna wuri ɗaya ba. An shigo da abin da ake kira lissafin zamani, wanda ya samo asali daga tarukan Entebbe a Uganda tun 1962, sai ga shi a Janairun 1977 kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke shi daga firamare a wani taro a Benin. Malamin da ake canja wa littafi a tsakiyar tafiya abin da zai kama shi ne wanda ba ya canjawa, tsani kuwa ba ya canjawa.

Akwai dai wani malami da ya yi mana abin da ba ya cikin littafi. Wata rana da zafi ya hana zaman aji, irin zafin Sakkwato na watan Afrilu da kwano ke ƙara kamar zai tsage, ya fitar da mu ƙarƙashin dogonyaro ya ce kowa ya tsinto tsakuwa. Ya bi mu yana ƙirga wa kowa nasa adadi, wani 12, wani 15, wani 13, wani 17.

"Ku jera mani su sahu-sahu," in ji shi, "kowane sahu daidai da ɗan'uwanai."

Mai 12 ya jera uku-uku sahu huɗu, ya rushe ya yi shida-shida sahu biyu, yana ta fankama. Mai 15 ya yi biyar-biyar. Filin ya koma kamar gurabun dara. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya kusa kuka.

"Malam, tawa ba ta jeruwa. Kowane na yi sai an samu saura."

"Nawa anka ba ka?"

"Sha ukku."

"To, ba laihinka na ba. Haka Allah ya yi ta. Wa ka da irin tashi?"

Mai 17 da mai 11 da mai 7 suka miƙe. Ya tsayar da su gefe guda ya ce mu dube su da kyau, waɗannan su ne firam namba. Washegari ya rubuta 1 zuwa 100 a allo, goma-goma a layi, ya zagaye 2 ya sa aka soke duk 'ya'yanta, 4, 6, 8 har ƙarshe. Ya zagaye 3 aka soke nata, haka 5, haka 7. Muna jiran ya ci gaba da 11 sai ya ajiye alli ya ce an gama, don 11 sau 11 ta riga ta wuce ɗari, duk wata lamba mai rabuwa a allon nan ɗaya daga cikin huɗun farko ta riga ta kama ta. Muka ƙirga waɗanda suka tsira, 25 cif, ta ƙarshensu 97. A nan ne muka ga mayaudaran: 51 da 57 da 87, masu kama da ba su rabuwa alhali uku na raba su, da uwa uba 91, wadda 7 sau 13 ce, ta kuma kayar da mutane a jarrabawa fiye da kowace lamba da na sani.

Sai daga baya na san cewa wannan dabara sunanta rariyar Eratostenis, mutumin Sairin a gabashin Libiya ta yau, wanda ya riƙe ɗakin karatu na Iskandariyya fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ibn al-Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya kawo ta a littafinsa na hisabi, har da wannan hikimar ta tsayawa da wuri. Mu dai an bar mu muna zaton kayan Ingila ne.

Tambaya ɗaya ce ko shi wannan malamin bai amsa mana ba: me ya sa aka cire 1? Ita ma ba mai raba ta sai kanta. Amsar da aka saba bayarwa ita ce haka yake a littafi. Alhali dalilin shi ne ƙashin bayan darasin gaba ɗaya. Kowace lamba hanya ɗaya tak take warwarewa zuwa firam namba: 12 ko ta ina ka faro, biyu biyu ne da uku ɗaya. In aka bar 1 ta shiga, sai a ce 12 ita ce 1 × 2 × 2 × 3, ko 1 × 1 × 2 × 2 × 3, a yi ta ƙarawa ba iyaka, ƙa'idar ta lalace. Maganar minti biyu ce, amma na gama sakandare ban ji ta ba.

Abin da ya fi damuna in na waiwaya shi ne, a daidai shekarun da muke sauka tsani a makaranta, wannan lissafin yana gudana a zauren gidanmu, ban gane shi ba. Baffana malamin zaure ne a cikin gari, yana karantar da Risala da Muhtasar, kuma akan zo masa da rabon gado kafin a kai gaban alƙali, ko don kada a kai. Ni ne mai kawo buta da shimfiɗa tabarma, saboda haka na sha ganin yadda yake yi. Yakan share rairayin da ke gabansa da tafin hannu, ya tambayi wa da wa mamaci ya bari, ba ya tambayar dukiya sai can ƙarshe.

Ga irin mas'alar da na ji sau da yawa. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu, mata uku. Mata tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Uwa tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Abin da ya rage na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu. Baffa zai ɗiga 8 da 6 a ƙasa ya ce a duba tsakaninsu. Duka suna da rabi, saboda haka a ɗauki rabin ɗaya a buga a ɗayar: 4 sau 6, 24. Wannan shi ne asalin mas'ala. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17. Sai ya ƙirga kawunan 'ya'ya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, ya sami 7. Sha bakwai ba ta rabuwa ga bakwai, kuma ba abin da ya haɗa su. A nan yakan ɗaga kai ya ce da almajiran da ke gefe, "Tabayuni na. Mi za mu yi?" Su ce a buga kawuna a asali. 24 sau 7, 168. Mata 21, uwa 28, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. Tara ka gani, 168 ne ba ragi ba ƙari. In matan biyu ne, ukun nan ba za ta rabu tsakaninsu ba, sai a sake ninkawa a koma 336, kowace ta sami 21. Bayan haka ne za a kawo maganar gona da shanu da gida a ɗora su a kan wannan ma'auni.

Ashirin da huɗun nan LCM ce ta 8 da 6. Sha bakwai da bakwai kuwa firam namba biyu ne suka yi karo. Malaman gado suna da suna ga kowane hali da lambobi biyu za su iya shiga: tamasuli in daidai suke, tadahuli in ƙaramar tana shiga babbar, tawafuƙi in akwai wata lamba da ta raba su duka, tabayuni in babu. Kowane hali da hukuncinsa. Kuma tunda rabon da Alƙur'ani ya yanka shida ne, rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, duk lambobin da ke ƙarƙashinsu daga 2 da 3 aka gina su. Shi ya sa asalin mas'ala ba ya fita daga bakwai ɗin nan da almajirai ke haddacewa: 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Sai fa in an yi auli, wato rabon magada ya fi asalin yawa a ɗaga shi, kamar mas'alar nan da ake dangantawa ga Sayyidina Ali ta mata da 'ya'ya mata biyu da iyaye biyu, inda 24 ke komawa 27, tumunin mata ya zama ɗaya cikin tara.

A nan ma tsohon kuɗi ya fi sabon biyayya. Fam kwabo 240 ne, wato 24 sau goma. Tumuninsa sule biyu da sisi, sudusinsa sule uku da kwabo huɗu, sulusinsa sule shida da kwabo takwas. Naira kuwa, 2 × 2 × 5 × 5, ba ta da sulusi ba ta da sudusi, har gobe. Na sha jin tsofaffi suna cewa kuɗin da ya fi albarka. Ta wannan fuskar dai lissafi yana bayansu.

Akwai abin da ya fi wannan. In lambobin suka yi girma har ido bai iya gane abin da ya haɗa su, Baffa ba ya sauka tsani. Yakan yi ta ɗebe ƙaramar daga babbar har ta gaza, sannan ya juya ya ɗebe ragowar daga ƙaramar, haka haka. Ɗauki 17 da 7: cire bakwai sau biyu, saura 3. Cire uku daga bakwai sau biyu, saura 1. In ɗaya ce ta rage, tabayuni ne. Ɗauki 8 da 6: saura 2, biyu kuma ta cinye shida ƙarƙaf, to ita ce ta haɗa su. Wannan hanya tana cikin babin gado na Muhtasar, wanda Shehu Halil ya rubuta a Masar a ƙarni na 14, kuma ita ce dai hanyar da Iƙlidis ya kawo a littafinsa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta fi tsani nesa ba kusa ba. A ba ɗalibi 8,633 da 6,499 a ce ya nemo HCF da tsani, zai gwada 2, 3, 5, 7, 11, ya yi ta tafiya har 67 kafin ɗayar ta motsa, ɗayar kuma sai ya kai 89. Ta hanyar zaure taki uku ne: cire 6,499 daga 8,633, saura 2,134. Cire wannan sau uku daga 6,499, saura 97. Ita kuma 97 ta shiga 2,134 sau 22 daidai. Amsa 97. Mu 'yan boko da muke yi wa almajirai kallon ba su san lissafi ba, ba a koya mana wannan ba ko a aji biyar na sakandare.

Ba ina cewa zaure ya san komai ba. Baffa bai damu da firam namba don kansu ba, ba ruwansa da ko suna ƙarewa ko ba su ƙarewa. Wannan tambayar ta masu lissafi ce, kuma Iƙlidis ya amsa ta: tara duk waɗanda ka sani ka buga su da juna ka ƙara ɗaya, abin da ya fito babu ɗayansu da zai raba shi, saboda haka dole akwai wata da ba ta cikin jerinka. Har yau ana farautarsu. Mafi girman da aka samu a Oktoban 2024 tana da alƙaluma fiye da miliyan 41. Amma ƙasar Hausa ma ba ta rasa masu son lamba don lamba ba. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi, irin murabba'in da ko ta ina ka tara shi jimla ɗaya zai ba ka. Sunansa ma ban ji shi a aji ba.

Ita kuma waccan wahalar tsani da muka sha, ashe ita ce dukiyar. Buga 89 da 97 ka sami 8,633 aikin minti ɗaya ne. A ba ka 8,633 a ce nemo waɗanda aka buga, sai gumi. In firam namba biyun suna da alƙaluma ɗaruruwa kowace, kwamfuta ma ba ta iya warware su a cikin rayuwar mutum. A kan wannan ne masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina tsarin kulle saƙo a 1977, shekarar da mu muke soke lissafin zamani. Irin wannan kulli yana cikin abin da ke tsare katin banki. Yaron da ke zaune da na'urar POS a bakin Kasuwar Kara yana cin abinci da firam namba tun safe har dare.

A nan Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumban 1999, an kuma sake manhaja ba sau ɗaya ba tun daga lokacin. Na duba littafin wani jikan yayata da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare, tsanin nan yana nan yadda na bar shi. Abin da ya ragu shi ne haddar. Da na tambaye shi ko 57 tana rabuwa sai ya nemi wayar uwarsa. Mu da bulala aka cusa mana jadawali, ba na kuma yi wa kowane yaro fatan bulalar, amma ta bar mana ido: ka ga 57 ka tara biyar da bakwai, sha biyu, ka san uku za ta shiga. Rabon gado shi ma ya koma waya, akwai manhajojin da za ka zuba magada su fitar maka da kaso cikin ɗari, da ɗigo da alƙaluma a bayansa. Suna aiki, sai dai wanda ya karɓi amsar ba ya iya tantance ta, kuma sulusin da aka rubuta 33.33 ba sulusi ba ne cikakke.

Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna yaye malaman lissafi da malaman addinin Musulunci duk shekara, su je su zauna a ofishin malamai ɗaya. Ɗaya yana koyar da LCM a ƙaramar sakandare da misalin ƙararrawa uku masu kaɗawa lokaci daban-daban, ɗayan yana koyar da magada da rabonsu a babbar sakandare. Na taɓa kawo wa wasu biyu irinsu shawarar su haɗa darasi ɗaya, a ba yara mas'alar mata biyu da uwa da 'ya'ya biyar a ce su nemo ƙaramar lambar da kowa zai sami rabonsa ba gutsure. Malamin addinin ya ce shi lissafin yakan tsallake shi, don jarrabawa wa ke da tumuni wa ke da sudusi kawai take tambaya. Na lissafin kuma ya ce shi ba malami ba ne, ba zai taɓa maganar gado a aji ba, kada ya yi kuskure iyayen yara su taso masa.